Baban So-dam da Kabejin Inna Mal-sun

Mijina Bang Chun-sik mutum ne da ya yarda da layi. In muka fita cin abinci ba ya duba abin da ake dafawa, tsawon layin ƙofa yake dubawa. Gidan abincin da ba kowa a ciki, ko da ƙamshinsa ya cika titi, wucewa zai yi ya ce, "Da akwai abin kirki a nan, da an riga mu." Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana tuƙa bas a cikin birnin Suwon, nan Koriya, kuma ina jin a nan ya koyi cewa abu ba ya daɗi sai ana turereniya a kansa.

Shi ya sa hutunmu na kowace shekara bai taɓa wuce farkon Agusta ba, lokacin da ƙasar gaba ɗaya take rufe shago ta nufi tekun gabas rana ɗaya. Mu fita da sassafe, mu faɗa cunkoso, mu ci abincin rana a mota, mu isa garin Yangyang da yamma lis. Bakin teku kuwa laima a jikin laima, sai ka tattaka ƙafafun mutane kana ba da haƙuri kafin ka ga ruwa. In ka gan shi ma, kwance yake lumui kamar miyar da ta huce. Mu dawo gida fatarsa na saɓulewa, ni kaina na sarawa, ya zauna ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Bana ma an sha hutu."

Da ya yi ritaya sai ya zame mini aiki. Ya sake wa kayan firji wuri, ya bi ni kasuwa yana gyara wa masu kifi lissafin sikeli, da rana kuma ya kwanta a falo yana kukan ciwon baya. 'Yarmu So-dam ta zo wata Lahadi ta same shi yana koya mini yadda ake ninke tawul, ta dube ni, na dube ta. Bayan mako guda ta dawo da labari: ta biya mana kwana shida a wani gida da ke ƙauyen masunta kusa da Yangyang, inda ake koyar da hawan igiyar ruwa a kan allo, da yoga, wato motsa jiki na miƙe-miƙe da jan numfashi. A watan Nuwamba.

"Nuwamba?" in ji shi. "Wace Nuwambar?"

"Wadda ke bin Oktoba, Baba."

"Ke, wa yake zuwa teku a Nuwamba? Kifi ma don ba shi da wurin zuwa ne yake zaune a ciki."

"Ai lokacin ne igiya take da kyau. Ba cunkoso, ba hayaniya, ga ɗakuna da araha..."

A nan ta yi kuskure. Ya juyo gare ni ido waje. "Kin ji ko, Maman So-dam? Ragowar hutu aka saya mana. Wanda mutane suka ci suka rage."

Na ce, "To ni dai zan je. In kai ba ka zuwa, shinkafa tana cikin buhu, tukunya tana kan kanta. Ka san inda ake kunna ta ai."

Bai sani ba. Ranar tafiya shi ya fara shiga mota.

Muka hau babbar hanya, sai muka tarar da ita fayau. Yana tuƙi, yana duba madubi, yana duba gaba. Da muka shige ramin dutse na farko muka fito har yanzu ba kowa sai wata motar dankali, sai ya miƙa hannu ya kunna rediyo.

"Me kake nema?"

"Labarai. Hanya ba ta zama haka a banza. Ko dai yaƙi ya ɓarke da Koriya ta Arewa kowa ya ji sai mu?"

Rediyo ya ce farashin kabeji ya ɗan sauka. Muka isa ƙauyen tun rana ba ta kai tsaka ba. Na yi naɗin shinkafa da ƙwai don ci a hanya kamar kullum, ga shi ko buɗe shi ba mu yi ba. Chun-sik ya ce shi bai taɓa shiga masauki da guzurin hanya a hannu ba, kuma ba yau zai fara ba. Haka muka zauna cikin mota a ƙofar gidan mutane muna ci, mai gidan yana tsaye a baranda yana kallonmu, ya rasa ko ya zo ko ya jira.

Sunansa Gil Tae-o, dogo, rana ta ƙona shi, gashi har kafaɗa. Shi ke koyar da hawan ruwa, matarsa Na-rae ke koyar da yoga. Suka karɓe mu hannu bibbiyu, suka ce mu kaɗai ne baƙi a makon nan, saboda haka sun ba mu ɗakin sama, wanda bangonsa guda gilashi ne yana kallon teku. Ni tsayawa na yi kawai ina kallo. Chun-sik ya buɗe kabad, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya matso ya raɗa mini, "Wani ya mutu a ɗakin nan. In ba haka ba me zai sa a ba mu?"

Da rana Malam Tae-o ya miƙa wa kowannenmu baƙar rigar roba mai kauri wadda ke rufe mutum daga wuya zuwa idon sawu. Na shiga tawa da ƙyar na fito. Chun-sik ya shiga ɗakin canza kaya, muka yi ta jin nishi da bugun bango, kamar mutum biyu ke kokawa a ciki. Can ya fito yana haki, tumbi a gaba, hannuwa a buɗe sun ƙi saukowa, kamar an ɗura shinkafa a cikin safa.

Malam Tae-o ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Zif ɗin baya yake zuwa."

"Wane irin tela ne zai sa zif a inda hannu ba ya kai?"

Sai da ni da Malam Tae-o muka kama, ɗaya na jan hannu ɗaya na jan ƙafa, kafin muka zare shi daga ciki muka sake mayar da shi daidai.

Muka sauka bakin ruwa kowa da allonsa na hawan ruwa a hammata. Rairayi shimfiɗe daga wannan dutse zuwa wancan, ba laima ko ɗaya, ba mai sayar da komai. Igiyoyi suna tahowa a jere, kowace ta taso ta naɗe ta zube fari fat. Ban taɓa sanin tekun nan yana yin haka ba.

"Da bazara ba za ku ga wannan ba," in ji Malam Tae-o. "Sai iskar kaka ta fara sannan ruwa yake tashi. Kuma da bazara ɗalibai sukan yi mini yawa kamar 'yan firamare, wani ma har ya tafi ban san fuskarsa ba. Amma yanzu, Baba, idona duka biyu a kanka suke."

"Abin da nake gudu ke nan," in ji Chun-sik ƙasa-ƙasa.

Ashe ba idon malam kaɗai ba ne. Can gefen hagu, inda duwatsu suka tare ruwa ya zama ɗan tafki marar zurfi, wasu tsofaffin matan ƙauyen suna tsugune da takalman roba, suna wanke kabeji a ruwan teku don yin kimcin hunturu, wato kabejin da ake tsumawa da barkono a ajiye a tulu. Kwanduna cike a cikin ruwa, wasu a kan dutse suna tsanewa. Babbarsu, wadda daga baya muka san sunanta Inna Mal-sun, ta haura tamanin, amma muryarta ta fi ta jirgin masunta.

"Ke, wancan baƙin abin mene ne?" ta tambayi ta kusa da ita, yadda duk bakin tekun zai ji.

"Mutum ne, Yaya."

"Af! Na zaci karen ruwa ne ya fito shan hantsi."

Darasin farko a kan rairayi aka yi. Ka kwanta rubda ciki a kan allo, ka yi iyo da hannu, malam ya ce "Tashi!" ka zabura ka tsaya a kan ƙafafu lokaci guda. Chun-sik yakan tashi ne kashi-kashi: gwiwa ɗaya, sai nishi, sai ɗaya gwiwar, sai ya dafa cinya, sai ya miƙe. Kafin ya gama, in ji Malam Tae-o, igiyar ta isa gida ta ci abinci.

Cikin ruwa kuwa abin ba a cewa komai. Sanyin ma bai kai yadda muka zata ba, iskar waje ta fi ruwan cizo. Amma duk igiyar da malam ya tura shi a kai, sai ka ga allo ya yi gaba shi ya yi baya, ko shi ya yi gaba allo ya biyo shi ya ƙwale masa ƙeya. Kowace faɗuwa kuma da sharhinta daga wajen masu kabeji.

"Ya sake!"

"Wannan karon da kai ya shiga."

"Bawan Allahn nan ruwan zai shanye mana kafin mu gama wanki. Kai, ɗana! Ka rage mana na kabeji!"

Washegari da safe yoga. Ya ce shi ba ya yi, aikin mata ne. Malama Na-rae ta ce cikin murmushi, "Baba, ƙugunka ne ya ƙi buɗewa, shi ya sa ba ka iya zabura. Shekarun zama a kujerar direba ne." Jin an ambaci kujerar direba da girmamawa, sai ya shiga.

Ɗakin yogan faffaɗa ne, daɓensa da ɗumi, tabarmin roba jibge a kusurwa har kusan rufi, na mutanen bazara. Biyu kawai aka shimfiɗa. Malama Na-rae ta lanƙwasa mu ta miƙe mu, ta sa muka yi goho kamar kare mai miƙa, ta sa muka tsaya da ƙafa ɗaya. Ƙasusuwan Chun-sik suna ta ƙara kamar ana taka busassun ganye. Can ta sa muka kwanta rigingine muka rungume gwiwoyi a ƙirji, ta sassauta murya ta ce, "Ku ja numfashi a hankali. Yanzu ku saki. Duk abin da kuka riƙe a ciki, ku sake shi ya tafi."

Chun-sik ya saki. Ba numfashi ba.

Ƙarar ta daki bango ta dawo. Da a Agusta ne, ɗaki cike da mutane, kowa sai ya dubi na kusa da shi a wuce wurin. Amma mu biyu ne sai malama. Ba ka jin komai sai teku. Sai mutumin nan ya juyo da kai a hankali, ya dube ni da fuskar takaici, ya ce, "Haba, Maman So-dam."

Malama Na-rae ta ce za ta je ta duba shayi. Muna jin ta a bayan ƙofa tana dariya har da tari. Ni kuwa ban yi masa magana ba sai bayan abincin rana.

A ranar ce kuma na tsaya a kan allo. Ban shirya ba. Malam Tae-o ya tura ni, ya ce "Tashi!", na tashi, sai na ga ina tsaye ruwa na gudu a ƙarƙashina, iska na bugun fuskata, har allon ya je ya soki rairayi na sauka da ƙafafuna. Masu kabeji suka tashi tsaye suna tafi da safar hannu.

Chun-sik ya fito daga ruwa yana tsiyaya, fuska a murtuke. "Dama kin taɓa koya a ɓoye ne?"

Na ce, "Ni da na yi shekara talatin ina tsayuwa a bas ɗin da kake tuƙawa, da kayan cefane a hannu biyu, kana taka birki kamar kana kashe kyankyaso? Igiyar ruwa ce za ta kayar da ni?"

Inna Mal-sun ta ce a maimaita mata don kunnenta na dama ba ya ji sosai. Aka maimaita mata. Ta zauna daɓas a kan dutse tana dukan cinya.

Daga ranar Chun-sik ya ɗauki abin da zafi. Shi ke riga ni shiga ɗakin yoga. In an ce a riƙe tsayuwa, sai ya riƙe har fuskarsa ta yi ja, yana satar kallona ya ga ko na sauke. A ƙarshen kowane darasi, inda ake kwanciya shiru, barci yake yi har da minshari, in an tashe shi ya ce zurfin tunani ne ya ɗauke shi.

Da la'asar mukan taka a bakin ruwa mu biyu, mu je gidan miyar kifi ɗaya tilo da bai rufe ba. Mai gidan ba ta da wasu baƙi, sai ta ja kujera ta zauna tana cire mana ƙaya tana ba mu labarin surukarta. Wata la'asar muna dawowa ya tsaya cak.

"Kin ji?"

"Me?"

"Ƙarar nan. In ruwan zai koma, duwatsun nan ƙanana suna yin wata ƙara."

Muka tsaya muka saurara. Ya ce, "Duk zuwan da muke yi ban taɓa ji ba. Lasifika kawai nake ji, ana cigiyar yaran da suka ɓata." Ya juyo ya dube ni sosai, irin kallon da ya daɗe bai yi mini ba. Sai ya ce, "Ashe furfurarki ta yi yawa haka?"

Na ce, "Kowace ɗaya da sunanka a jikinta."

Ya yi dariya, ya kama hannuna ya cusa a aljihun rigarsa don sanyi. Sai da muka kai gida na lura tun shekaranjiya bai ambaci bayansa ba. Ban tuna masa ba.

Ana gobe za mu tafi, teku ya wayi gari da kyau na musamman. Ba iska, sama garau, igiyoyi manya amma masu hankali, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Chun-sik ya miƙa mini wayarsa ya ce, "Yau ki bar naki hawan. Ki tsaya nan ki ɗauka. So-dam za ta gani da idonta."

Na tsaya a rairayi da waya. Ya faɗi sau da yawa, masu kabeji ma sun gaji da sharhi sun koma aikinsu. Can na ga wata igiya ta taso a bayan Chun-sik da malaminsa, doguwa, Malam Tae-o ya juya allon ya tura, ya kwatsa ihu, "Tashi, Baba!"

Ya tashi. Lokaci guda, ba kashi-kashi ba. Ga mijina tsaye a kan ruwa, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a gaba kamar ya riƙe sitiyari, baki a buɗe. Na fara ihu ina tsalle.

Matsalar ita ce an koya masa tashi, amma ba wanda ya yi zaton za a kai ga maganar tsayawa. Da ya ga gudun ya yi yawa, sai ƙafarsa ta dama ta shiga neman birki. Ya danna gefen allon. Allon ya karkata ya yanki hagu, ya miƙe sak zuwa ɗan tafkin da ke tsakanin duwatsu.

"Ku kauce!" yake ihu. "Inna, ku kauce! Ba birki! Pim! Pim-pim!"

Tsofaffin nan da ke tafiya da ƙyar suka watse kamar 'yan mata. Allon ya shige tsakiyar kwanduna, ya kife na farko, ya ture na biyu, Chun-sik ya tashi sama ya sauko zaune a cikin na uku. Igiyar da ta kawo shi ta juya ta koma, ta tafi da kabeji. Kan kabeji ko'ina, suna lilo a kan ruwa suna nufar Japan.

Na ruga ina kiran sunansa. Na same shi zaune cikin kwando, ruwa iya ƙugu, ganyen kabeji manne a goshi, yana dariya irin wadda rabon da in ji ta tun So-dam na goye. "Kin gani? Kin gani? Tun daga can!"

Inna Mal-sun ta taho a hankali, hannu a ƙugu, ta tsaya a kansa. "Ɗana, aikinka mene ne a birni?"

"Direban bas ne, Inna. Na yi ritaya."

"An taimaki mutanen birni. To tashi. Fasinjojinka ga su can suna tafiya, je ka kwaso su."

Haka aka yi. Shi da Malam Tae-o suka kwanta a kan alluna suna iyo suna kamo kabeji, su jera a gaban allo su kawo gaɓa, Inna Mal-sun na tsaye a kan dutse tana nuna musu da sanda. "Ga wani can! A'a, hagunka! Wannan direba ko makaho?" Aka samo mafi yawa. Sauran, in ji ta, hukuncinsu shi ne ya zo zauren ƙauye da rana ya biya da hannunsa.

Mutumin da tun aurenmu bai taɓa sanin yadda kimci ke shiga tulu ba, ranar ya tsuguna a tsakiyar mata, da safar roba ja har gwiwar hannu, yana shafa barkono da tafarnuwa a tsakanin ganye. Wannan ta ce ya cika yawa, waccan ta ce ya yi rowa. Ya share gumi da bayan hannu, barkono ya shiga ido, aka kai shi famfo. Amma tsugunon bai dame shi ba, har Malama Na-rae da ta zo taya aiki ta nuna shi ta ce, "Ku dubi ƙugun nan yadda ya buɗe."

"Mun ji labarin yadda ya buɗe," in ji Inna Mal-sun. Zauren ya kwashe da dariya. Ashe labari ya riga mu zagaya ƙauyen.

Da aka gama aka kawo dafaffen nama mai zafi, ana naɗe shi da sabon kimci ana ci da hannu. Inna Mal-sun da kanta ta naɗa babbar loma ta cusa masa a baki. Sai ya tuna da waya. Ya ce kowa ya matso a ga yadda abin ya faru. Aka taru, ya danna.

Hancina ne ya cika fuskar wayar. Hancina, da rabin idona, da bakina a wangame ina ihu, "Wayyo! Wayyo kabeji!" Ashe kyamarar ni take kallo tun farko. Daga farko har ƙarshe ba ko yatsan Chun-sik.

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya juya ga matan ya ce, "To ku ne shaidu. Daga ina na taso?"

Ɗaya ta ce daga wajen wani jan tulun alama da ke can nesa a kan ruwa. Ɗaya ta ce a'a, bai kai nan ba, ita ta ga kamar ma a durƙushe yake. Inna Mal-sun ta ce ita ba ta ga komai ba, tana gudun ceton rai. Ya yi ta roƙo, suna ta ƙara rage masa nisa, har aka dawo da shi taku uku daga kwando. Washegari da za mu tafi sai ga babbar roba cike da kimci a bakin motarmu, an ɗaure ta da ƙyalle.

So-dam ta kira muna isa gida. Ya karɓi wayar ya ba ta labari tun daga tasowar igiyar, wadda zuwa lokacin ta kai tsayin bene.

"Baba, turo mini bidiyon."

"Tambayi uwarki," ya ce, ya miƙo mini.

Ya sayi tabarmar roba. Kowace safiya sai ya shimfiɗa ta a falo, ya yi miƙe-miƙensa, sannan ya kwanta rubda ciki, ya yi iyo da hannu a kan daɓe, ya ce wa kansa "Tashi!", ya zabura ya dira da ƙafa biyu. Dim! Kofuna su yi ƙara a kabad. Na ce masa a bene muke, akwai mutane a ƙasanmu. Ya ce in bai riƙe abin ba jikinsa zai manta.

Ba a yi mako ba aka danna ƙararrawa. Malam Pyo ne na ƙasanmu, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum mai sanyin hali wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya tsaya a ƙofa da silifas, yana murza hannu.

"Ku yi haƙuri da na dame ku. Ko gyara kuke yi a gidan? Kullum da safe fitilar falona sai ta yi rawa. Matata ta ce in zo in ji."

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Chun-sik ya riga ni. "Malam Pyo! Shigo, shigo. Tsaya in gan ka. Bayanka na ciwo ko?"

"E to, yakan ɗan taɓa..."

"Ƙugu ne. Zaman kujera ne. Cire silifas."

Na shiga kicin na ɗora ruwan shayi. Ina jin su daga can: "A'a, rubda ciki. Hannu a nan, saitin ƙirji. Kada ka kalli ƙasa, gaba za ka kalla. In na ce tashi, kada ka yi tunani." Sai "Tashi!", sai wani dim mai rauni, sai nishi.

"Kashi-kashi kake tashi, Malam Pyo. Sake."

Ruwa bai kai ga tafasa ba aka sake danna ƙararrawa. Matar Malam Pyo ce, da ludayi a hannu, ta zo ganin abin da ya riƙe mijinta, don yanzu ƙarar ta zama biyu. Ta leƙa ta kan kafaɗata ta hango shi kwance a tabarma yana iyo a kan daɓenmu, gilashinsa ya zamo kan hanci.

Ta dube ni. Na ce, "Shigo, Yaya. Abin da tsawo. Kina cin kimcin da aka wanke da ruwan teku?"

Ta cire takalmi ta shigo.